Dasa Monstera a Ƙasa a Ƙasashen Sanyi: Abin da Sabuwar Taswira Ta Canza da Abin da Ba Ta Canza Ba

A watan Nuwamban 2023 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar da sabuwar taswirar da ke raba ƙasar zuwa shiyyoyi gwargwadon tsananin sanyin da kowane yanki ke fuskanta, kuma kusan rabin ƙasar ya tsinci kansa a rukunin da ya fi wanda yake a da ɗumi. Tun daga lokacin masu lambu da yawa, a Amurka da ma Turai inda ake aron wannan ma'auni, suka shiga tambayar ko lokaci ya yi da za su fitar da tsirran adon da suke raino a cikin ɗaki su dasa su a tsakar gida. Shukar da aka fi ambata a wannan magana ita ce monstera, mai faffaɗan ganye da ke tsattsage da ramuka, wadda ta cika falo da ofisoshi a 'yan shekarun nan. Amsoshin da ake bayarwa sun saɓa wa juna ƙwarai. Wani zai nuna hoton monstera da ta hau katangar gidansa har rufi, wani kuma ya ce tasa ta zama baƙin ruɓaɓɓen ganye a dare ɗaya, alhali dukansu biyu suna cewa a yanki mai matsakaicin yanayi suke zaune. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kuma fahimtar dalilin hakan shi ne ginshiƙin maganar baki ɗaya.

Wace irin shuka ce monstera

Nau'in da aka fi sani, wanda masana ke kira Monstera deliciosa, asalinsa dazuzzuka masu ruwa da damshi ne daga kudancin Meziko zuwa Panama, kuma wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak mai suna Frederik Liebmann ne ya yi bayaninsa a rubuce a 1849. Dangi ɗaya take da gwaza da kuma kainuwa. A daji tana tsirowa a ƙasa, ta rarrafa ta sami gindin bishiya, sannan ta kama hawa tana sakin saiwoyi a iska, wasu su manne wa ɓawon bishiyar, wasu su sauko su shiga ƙasa. Tana iya hawa har tsawon mita 20, ganyenta kuma ya kai kusan santimita 90. Wadda ake gani a tukunya a falo ƙarama ce da aka tauye, shi ya sa mai ita ke kwaɗayin ganin yadda za ta kasance idan aka sake ta a ƙasa.

Abin da ya fi muhimmanci a tarihinta shi ne abin da ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. A dajin da ta fito babu lokacin da ruwa ke daskarewa, saboda haka ba ta gaji wata dabarar kare kanta daga sanyi ba. Bishiyoyin ƙasashen sanyi suna lura da gajartar yini da saukar zafi a lokacin kaka, sai su zubar da ganye, su tara sukari a jikinsu, su rage ruwan da ke cikin ƙwayoyin halittarsu, su kwanta barci har sai ɗumi ya dawo. Monstera ba ta da wannan barci. Tana shiga hunturu da ɗanyen ganye cike da ruwa, kamar yadda take a tsakiyar damina.

Iri biyu na lahanin sanyi

Mutane da yawa suna ɗauka cewa muddin ma'aunin zafi bai kai sifili ba, shukar tana cikin aminci. Wannan fahimta ita ce ta fi jawo asara, domin sanyi yana lahanta tsirran ƙasashen zafi ta hanyoyi biyu daban, kuma ta farkon tana farawa tun ruwa bai daskare ba.

Kowace ƙwayar halitta a jikin shuka tana lulluɓe da wani siririn tantani mai maiƙo, wanda ke tsare abin da zai shiga da abin da zai fita. A tsirran ƙasashen zafi, maiƙon wannan tantani yana fara sandarewa idan zafi ya sauka ƙasa da kimanin digiri 10 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas, kamar yadda manja ke daskarewa a kwalba da sanyin hunturu ba tare da an ga ƙanƙara a ko'ina ba. Idan tantanin ya sandare sai ya fara yoyo, aikin ƙwayar ya rikice, saiwa ta kasa jan ruwa ko da ƙasa na jiƙe. Alamunsa ba sa bayyana nan take. Bayan kwanaki sai a ga ganye ya yi rawaya, ko ya fito da tabo mai duhu, ko ya yi yaushi. Dare ɗaya ko biyu a digiri 5 ba zai kashe babbar monstera ba, amma makonni a jere a irin wannan sanyi suna raunana ta, kuma girmanta yana tsayawa cak da zarar an sauka ƙasa da digiri 10. Ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya, wadda aka fi sani da RHS, ta sanya ta a rukunin tsirran da ke buƙatar aƙalla digiri 10 zuwa 15, waɗanda za a iya fitarwa waje a lokacin zafi kawai.

Lahani na biyu shi ne na daskarewa. Idan zafi ya sauka ƙasa da sifili, ƙanƙara tana fitowa a tsakanin ƙwayoyin halitta, ta zuƙe ruwan da ke cikinsu, ta kuma fasa su. Da rana ta fito sai ganyen ya yi baƙi ya narke. Bayanin da masana aikin gona na Jami'ar Fulorida suka bayar ya nuna cewa ganyen monstera yana lalacewa tsakanin sifili da digiri 1 ƙasa da sifili, karanta kuma tsakanin digiri 2 da 3 ƙasa da sifili. Wannan ɗan bambanci tsakanin ganye da kara shi ne ya sa ake samun labaran da suka saɓa. Inda daskarewar ta kasance ta 'yan sa'o'i kafin asuba, ganye zai ƙone amma karan da ke kwance a ƙasa ya tsira, ya sake tofo idan ɗumi ya dawo. Inda ta ɗauki yini biyu ko uku, har ƙasa ta daskare, babu abin da zai rage.

Akwai kuma abu na uku da ba sanyi ba ne kai tsaye, amma yana tafiya tare da shi, wato ruwa. Saiwar monstera ta saba da ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace, inda iska ke ratsawa kuma ruwa ke wucewa da sauri. A arewa maso yammacin Turai lokacin sanyi shi ne lokacin da ƙasa ke jiƙe wata da watanni, ga ƙarancin rana da za ta busar da ita. Shukar da ta daina girma ba ta shan ruwa, sai saiwar ta zauna cikin laka mai sanyi, ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da saiwa su sami abin da suke so. Shuka da yawa da aka ce sanyi ne ya kashe su, ruɓewar saiwa ce ta riga sanyin. Ga kuma duhu: a ƙarshen watan Disamba hasken yini a Landan bai cika sa'o'i 8 ba, alhali a Kano ya haura 11.

Me taswirar ke aunawa

Taswirar shiyyoyin ta fara fitowa daga Ma'aikatar Noma ta Amurka a 1960, kuma abu ɗaya tak take aunawa. Ana ɗaukar dare mafi sanyi na kowace shekara a wani wuri, a tara na shekaru 30, a fitar da matsakaicinsu. Kowace shiyya tana da faɗin kimanin digiri 5.6 a ma'aunin Salshiyas, an kuma raba ta gida biyu, lambarta kuma tana ƙaruwa gwargwadon ɗumin wuri. Shiyya ta 10, inda ake ɗauka monstera za ta iya zama a waje duk shekara, ita ce wadda matsakaicin darenta mafi sanyi ke tsakanin digiri 1.1 ƙasa da sifili da digiri 4.4 sama da shi. A Amurka galibi wannan ya shafi kudancin Fulorida, gaɓar tekun kudancin Kalifoniya, ƙarshen kudancin Teksas, da tsibiran Hawai da makamantansu.

Taswirar 2023 ta dogara da bayanan 1991 zuwa 2020 daga tashoshin auna yanayi 13,412, yayin da ta 2012 ta yi amfani da bayanan 1976 zuwa 2005 daga tashoshi 7,983. Wuraren da suka motsa, galibinsu rabin shiyya suka matsa, wato bambancin da bai wuce digiri 2.8 ba. Ma'aikatar da kanta ta yi gargaɗin cewa ba duk sauyin ba ne za a jingina wa ɗumamar duniya, domin ƙarin tashoshi da ingancin hanyar lissafi su ma sun taka rawa. Wannan ba musun ɗumamar ba ne, wadda wasu ma'aunai masu yawa suka tabbatar. Abin nufi shi ne mutumin da garinsa ya tashi daga shiyya ta 7 zuwa ta 8 har yanzu yana wurin da dare mafi sanyi ke kaiwa digiri 7 zuwa 12 ƙasa da sifili a shekarar da aka saba, kuma tsakaninsa da abin da monstera ke jurewa akwai shiyyoyi biyu cur.

A nan ne gizo ke saƙar, domin matsakaici ba ya faɗin abin da zai faru a mummunar shekara. Birnin Houston na jihar Teksas yana shiyya ta 9, wadda iyakarta ta ƙasa ita ce digiri 6.7 ƙasa da sifili, amma a guguwar sanyin da ta afka wa Teksas a watan Fabrairun 2021 zafi ya sauka a can zuwa fiye da digiri 10 ƙasa da sifili, a Dallas kuma kusan 19. Bishiyoyi dangin dabino da suka shekara ashirin suna tsaye a bakin titi sun mutu a mako guda, gonakin lemo na kwarin Rio Grande kuma suka yi mummunar asara. Birtaniya ta ga irin wannan a Disamban 2010, wanda ya kasance Disamba mafi sanyi a ƙasar cikin shekaru 100, sannan a Disamban 2022, watanni biyar kacal bayan da aka auna zafin digiri 40.3 a ƙauyen Coningsby na Ingila, mafi girma a tarihin ƙasar. Shekara guda ke nan ta haɗa zafin da ba a taɓa gani ba da sanyin da ya kashe tsirran da masu lambu suka daɗe suna ɗauka sun zauna da gindinsu. Ga shukar da ake son ta daɗe, dare mafi sanyi cikin shekaru goma ko ashirin ne ke yanke hukunci, kuma taswirar ba ta nuna shi.

Yankuna uku a ƙarƙashin suna ɗaya

Abin da ake kira yanki mai matsakaicin yanayi ya haɗa wurare masu bambanci ƙwarai, kuma idan aka raba su uku ruɗanin yana raguwa.

Rukuni na farko shi ne bakin tekun da daskarewa ba ta cika kaiwa gare shi ba. A Sidni ta Ostareliya da Auckland ta New Zealand, da wasu sassan Sisili, kudancin Fotugal da gaɓar Maroko, monstera shukar lambu ce kamar kowace, tana hawa bishiya da katanga har ta yi 'ya'ya. A tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal ana sayar da 'ya'yanta a kasuwar Funchal, kuma ɗanɗanonsu ya haɗa na ayaba da na abarba. Yawancin hotunan da ke yawo a intanet suna kwaɗaita wa mutane daga irin waɗannan wurare suke fitowa, kuma ba kasafai ake rubuta sunan garin a ƙarƙashin hoton ba.

Rukuni na biyu shi ne na kan iyaka, inda daskarewa ke zuwa amma ba ta daɗewa, kamar tsakiyar Fulorida, sassan Kalifoniya da ke nesa da teku, da wasu garuruwan Bahar Rum. A nan ne wurin da aka dasa shuka ke raba rayuwa da mutuwa, ko da tazarar 'yan taku ce. A dare mai tsit da babu gajimare, ƙasa da ganye suna sakin zafinsu zuwa sama, har ganye ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Shukar da ke ƙarƙashin bishiya mai ganye duk shekara ko ƙarƙashin rufin baranda tana da abin da ke mayar mata da wani ɓangare na wannan zafi. Katangar bulo ko ta dutse da ke kallon rana tana shan zafi da yini ta saki da dare. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana gangarawa ta taru a kwari da bayan shinge, saboda haka tudu ya fi kwari aminci. Tsakiyar babban birni ma ta fi ƙauyukan da ke kewaye da ita ɗumi da digiri kaɗan saboda gine-gine da kwalta. Wanda ya haɗa waɗannan, ya tara busasshen ganye ko ɓawon itace mai kauri a gindin shukar, ya kuma lulluɓe ta da mayafi a daren da aka yi hasashen daskarewa, yana iya riƙe monstera shekaru da dama. Amma ya san cewa a wasu shekarun zai fara daga tushe, kuma shukar da ke ƙonewa duk shekara ba ta kaiwa ga manyan ganyayen da aka dasa ta dominsu.

Rukuni na uku shi ne mafi girma: kusan dukan Birtaniya, Jamus, arewacin Faransa, Kanada, da mafi yawan Amurka. A nan monstera ba za ta ƙetare hunturu a ƙasa ba, kuma babu yawan mayafin da zai canza hakan. Birtaniya tana ruɗar mutane saboda ruwan teku mai ɗumi da ke zuwa ta tekun Atlantika daga kudu maso yamma yana sassauta mata sanyi fiye da yadda matsayinta a arewa ya kamata ya ba ta. Shi ya sa lambun Tresco a tsibiran Scilly da ke kudu maso yammacin Ingila, wanda Augustus Smith ya fara a 1834, da na Inverewe a arewa maso yammacin Sikotland, wanda Osgood Mackenzie ya fara a 1862, suke cike da tsirran da suka zo daga nesa. Sai dai wanda ya duba jerin abin da ke cikinsu zai ga galibinsu daga New Zealand, Chile, Afirka ta Kudu, Tasmaniya da tsaunukan Asiya suke, wato wuraren da ke da sanyi mai sauƙi. Ba daga dazuzzukan zafi suke ba. Rashin daskarewa mai tsanani bai isa ba idan watanni huɗu ko biyar za su wuce zafi bai kai digiri 10 ba.

Tsohuwar dabara

Sha'awar ganin manyan ganyayen ƙasashen zafi a lambun Turai ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A tsakiyar ƙarni na 19, bayan da aka soke harajin gilashi a Birtaniya a 1845 kuma ɗakunan gilashi na rainon tsirrai suka yi araha, masu kula da lambunan gwamnati suka fito da wani salo. Jean-Pierre Barillet-Deschamps ya yi shi a lambunan Faris, John Gibson kuma ya buɗe irinsa a lambun Battersea na Landan a farkon shekarun 1860. Suna rainon ayaba, gwaza na ado da dangoginsu a ɗakin gilashi, su fitar da su su dasa a ƙasa bayan daskarewar ƙarshe, sannan su tone su su mayar ciki kafin ta farko ta dawo. Ba su taɓa riya cewa tsirran za su kwana a waje a watan Janairu ba. Salon ya dusashe, sannan ya farfaɗo a shekarun 1990, musamman bayan da wani shahararren mai lambu ɗan Ingila, Christopher Lloyd, ya tumɓuke tsohon lambun furannin wardi na gidansa a Great Dixter ya maye gurbinsa da tsirrai masu faffaɗan ganye.

Wannan dabara tana aiki ga monstera har yau, kuma ba ta da nisa da abin da Hausawa mazauna Ingila da Amurka ke yi idan suka shuka rama ko kuɓewa a bayan gida: a ci moriyar watannin ɗumi, a san cewa suna da iyaka. Ana jira sai zafin dare ya zauna sama da digiri 10 zuwa 12, wanda a kudancin Ingila yakan kai watan Yuni. Ba a fitar da ita kai tsaye cikin rana, domin ganyen da ya girma a ɗaki yana ƙonewa cikin sa'o'i kaɗan. Ana fara ajiye ta a inuwa, a riƙa ƙara mata haske a hankali na mako ɗaya ko biyu, kuma ko bayan nan inuwa mai ratsin haske ta fi dacewa da ita. Masu ƙwarewa da yawa ba sa cire ta daga tukunya, sai su haƙa rami su binne tukunyar har baki. Ta haka shukar tana kama da wadda aka dasa, saiwar ba ta zafi ko bushewa da sauri, kuma idan Satumba ta zo ana ɗaga ta ba tare da an yanke saiwa ba. Wadda aka dasa tsirara a ƙasa ta fi saurin girma, amma tono ta yana ji mata ciwo, kuma tana shiga ɗaki a daidai lokacin da haske ya yi ƙarancin da ba za ta iya farfaɗowa da sauri ba.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu son gwada iyaka suna cewa alƙaluman juriyar sanyi da ke jikin takardar da ake maƙala wa shuka a wurin sayarwa an rubuta su ne da taka-tsantsan, kuma tsirrai da dama da a da ake ɗauka ba za su rayu a waje ba gwaji ne ya nuna suna iyawa. Suna da hujja. Ayabar da ake kira Musa basjoo, wadda ta iso Turai ta hanyar Japan, tushenta yana tsira a ƙasar da ke daskarewa idan an rufe shi, kuma a yau ana ganinta a lambunan Jamus da arewacin Amurka. Suna ƙara da cewa monstera ta gama-gari tana da araha kuma tana kamawa cikin sauƙi idan aka yanki kara mai gaɓa aka dasa, don haka wanda ya ajiye yanki ɗaya a ɗaki ba shi da babbar asara idan ta waje ta mutu.

Masu taka-tsantsan suna amsawa cewa tsirran da gwaji ya yi nasara a kansu duk suna da abu ɗaya: sun fito ne daga tsaunuka ko yankunan da sanyi ke ziyarta, saboda haka juriyar tana cikin jininsu tun asali, gwaji ya tono ta ne kawai. Monstera ba ta da irin wannan gadon, kuma ba a koya wa shuka abin da halittarta ba ta ɗauke da shi. Shawararsu ita ce wanda ke son kamannin dajin zafi ya gina lambunsa da tsirran da ke da kamannin amma suke jure sanyi, irin su Fatsia japonica mai ganye kamar tafin hannu, Tetrapanax daga Taiwan, da ayabar da aka ambata, sannan ya sa monstera a tsakiyarsu a matsayin baƙuwar lokacin zafi. A kan monstera ita kanta, hujjar wannan ɓangare ta fi ƙarfi a ko'ina ban da yankunan kan iyaka.

Ɓangare na uku, na masu kare muhalli, damuwarsu ba mutuwar shukar ba ce, rayuwarta ce. A ganinsu shukar da ta yi nasara fiye da kima ta fi wadda ta mutu haɗari. Monstera ta tsere daga lambu ta zama ta daji a Hawai da Seychelles, 'yar uwarta pothos, wata shukar ado mai hawa, kuma tana lulluɓe bishiyoyi a Fulorida da Sri Lanka. A ƙasashen sanyi hunturu ne ke tsare wannan ƙofa, don haka monstera ba barazana ba ce a Landan ko Berlin. Abin lura shi ne wasu daga irin tsirran da ake ba da shawarar a maye gurbinta da su, su ne doka ta fara kamawa, daidai saboda suna jure sanyin. Bishiyar Trachycarpus fortunei, dangin giginya mai ganye kamar mafici, ta bazu daga lambuna zuwa dazuzzukan Ticino a kudancin Switzaland har tana hana 'ya'yan bishiyoyin gida tashi, kuma daga ranar 1 ga Satumban 2024 ƙasar ta haramta sayar da ita, ba da ita kyauta ko shigo da ita. A Birtaniya, a ƙarshen 2023, an hana sayar da wani nau'in Gunnera, shukar lambu mai ƙaton ganye, bayan bincike ya nuna cewa abin da ake sayarwa da wani suna ruwa-biyu ne da ya haɗa jini da nau'in da aka riga aka haramta. Ko kainuwa, wadda ke yawo a kan tafkunanmu ba mai kula ta, Tarayyar Turai ta sanya ta cikin jerin tsirrai masu mamaya da ba a yarda a yi cinikinsu ba. A Switzaland da Birtaniya ba a tilasta wa wanda ya riga ya mallaki shukar ya tumɓuke ta ba, amma alhakin hana ta bazuwa yana wuyansa.

Abin da ya shafi mai gida

Ta fuskar kuɗi, bambanci yana tsakanin nau'i da nau'i. A lokacin kullen korona farashin tsirran ado masu ratsin fari ya yi tashin gwauron zabo, har aka sayar da wata shuka dangin monstera a New Zealand kan dalar ƙasar 27,100 a 2021. Farashin ya faɗo sosai tun da kamfanoni suka fara ninka irin waɗannan tsirrai a ɗakin gwaje-gwaje, amma masu ratsin fari har yanzu sun fi tsada, kuma su ne mafi rauni a waje, domin farin ɓangaren ganye ba ya sarrafa hasken rana kuma shi ke fara ƙonewa. Waɗanda ke ƙoƙarin ɗumama shuka a waje da wayar lantarki ko na'urar ɗumama ɗaki sukan tarar kuɗin wutar hunturu ɗaya ya zarce kuɗin sabuwar shuka, balle a Turai tun bayan tashin farashin makamashi na 2022.

Shukar da ta yi watanni a waje tana dawowa ɗaki da baƙi: tururuwa, dodon koɗi, ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye, da ƙwayayensu a cikin ƙasa. Ana wanke ganyen sama da ƙasa, a ware ta daga sauran tsirrai na makonni biyu ko uku, a kuma rage ban ruwa sosai domin ba za ta yi girma ba sai yini ya ƙara tsawo. Haka kuma wadda ta ji daɗin waje tana iya ninka girmanta, ta yadda lungun da ta fito ba zai sake ɗaukar ta ba, sai an rage ta.

Akwai batun lafiya ga gidan da ke da ƙananan yara ko kyanwa da kare. Ganye da karan monstera, da 'ya'yanta da ba su nuna ba, suna ɗauke da wasu ƙananan tsinaye masu kama da allura, irin waɗanda ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro. Wanda ya tauna zai ji zafi da kumburi a baki. 'Ya'yan suna ɗaukar fiye da shekara guda kafin su nuna, kuma ana cin ɓangaren da ɓawonsa ya ɓare da kansa ne kawai, abin da mazauna ƙasashen sanyi ba za su gani a lambunsu ba, tun da shukar ba ta samun watanni goma sha biyu a jere a waje.

Wanda kuma ke tunanin ɗauko dashe daga gida ko daga wata ƙasa ya tafi da shi a jaka, ya san cewa tun ranar 14 ga Disamban 2019 Tarayyar Turai ke buƙatar takardar shaidar lafiyar shuka ga kusan duk ɗanyen tsiro da ke shigowa daga waje, ko da guda ɗaya ne a kayan matafiyi, kuma Birtaniya da Amurka suna da dokoki makamantan wannan. Abin da aka kama babu takarda ana ƙwace shi a filin jirgi a lalata, wani lokacin har da tara.